Ga Hatsi a Rumbu, Ga Yarinya Tana Ramewa

A Kwaya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Magarya da Dungas, da wuya ka samu uwar da ba ta san igiyar awon dantse ba. A naɗa ta a tsakiyar dantsen yaro, a zura bakinta ta 'yar taga, a duba launin da ya fito. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a saɓi yaro a kama hanyar likita. Da tsada muka sayi wannan ilimi. Tun yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a Magarya, kuma a daminar 2018 sai da sashen yara na asibitin garin ya cika ya batse, ana rasa yara kusan goma kowace rana, tamowa da zazzaɓin cizon sauro sun haɗu a kansu.

Sai dai igiyar ta yara ce daga wata shida zuwa shekara biyar, kuma duk tunaninmu a kan rama ya ginu ne a kan babu. Yaro ya rame don babu hatsi, ko don ciwo ya hana shi ci. Akwai wata ramar da ba ta shiga wannan lissafi. Yarinya ce 'yar shekara goma ko sha ɗaya, wani lokacin ma namiji, an ajiye tuwo a gabanta, rumbu cike, jikinta ba zazzaɓi, amma ta kasa kai loma baki, ko ta ƙi, kuma wata da watanni abin sai gaba yake yi. Likitocin wasu ƙasashe sun shekara ɗari da hamsin suna fama da wannan. Sun daɗe a kan ɓata kafin su samu hanya, kuma hanyar da suka samu ta yi kama da abin da matan ƙasar nan suka riga suka iya.

A 1873 likitoci biyu, William Gull a Landan da Charles Lasègue a Paris, kowa ya bayyana ciwon a nasa ɓangaren: 'yan mata masu daina ci har su koma ƙashi da fata, ba tare da an samu wata cuta a hanji ko huhu ba. Dukansu biyu sun kira shi anoreksiya, Gull ne kuma ya ce dangi su ne mafi munin masu jinyar irin wannan mara lafiya. A Paris Jean-Martin Charcot ya mayar da abin ƙa'ida: a raba yarinya da iyayenta, kada su gan ta sai ta fara murmurewa. Kusan shekara ɗari ana haka. A kwantar da ita, a ciyar da ita, a sallame ta zuwa wurin iyayen da ba a koya musu komai ba sai zargin kansu, bayan 'yan watanni a sake dawowa da ita.

Canji ya zo ne daga asibitin Maudsley da ke kudancin Landan. Daga ƙarshen shekarun 1970 wasu ma'aikatansa, cikinsu har da Christopher Dare da Ivan Eisler da Gerald Russell, suka ajiye tambayar wa ya jawo, suka ɗauki wata: wa ke tare da yarinyar nan idan an sauke tukunya? Likita awa ɗaya yake ganin ta a mako, iyayenta kuwa suna nan safe da rana da dare. A 1987 suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da marasa lafiya 80 da aka sallama daga asibiti, wasu ana ganin su su kaɗai, wasu tare da iyalinsu. Ga waɗanda ciwon ya kama suna ƙasa da shekara 19 kuma bai kai shekara uku a jikinsu ba, aiki da iyali ya fi nesa ba kusa ba. A 2010 James Lock da Daniel Le Grange suka yi irin gwajin a Amurka da matasa 121. Shekara guda bayan gama magani, kusan rabin waɗanda iyayensu suka ja ragamar jinyar sun warke sarai, a ɗaya ɓangaren kuwa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Rabi dai rabi ne, saura suna bukatar ƙarin taimako. Duk da haka, tun 2017 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta sa wannan hanya a gaba ga yara da matasa.

Ga yadda ake yi. A zama na biyu ana ce wa iyali su zo da abinci daga gida, irin wanda suke ganin zai tayar da 'yarsu, su baje shi a ɗakin likita su ci. Likitan ba ya taɓa cokali. Yana zaune yana kallo: wa ya zuba, nawa aka zuba, wa ya fara lallashi, wa ya fara faɗa, wa ya kau da kai. Idan yarinya ta ture kwano ta ce ta ƙoshi, sai ya sa uwa da uba su matso, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su yi ta maimaita magana ɗaya da sanyin murya har ta ƙara loma guda a kan abin da ta yi niyya. Lomar ba za ta ƙara mata ko giram ba. Amfaninta shi ne iyayen da suka yi watanni suna jin an fi ƙarfinsu su gani da idonsu cewa suna iyawa. Daga nan sai gida. Iyaye ne ke yanke abin da za a ci da yawansa da lokacinsa, ci uku a rana da ɗan abin taɓawa a tsakani, wani babba yana zaune har a gama, ya kuma ƙara zama da ita bayan nan don kada a zagaya a amayar. Idan jiki ya dawo sai a riƙa sakar mata ragamar cinta kaɗan-kaɗan, a ƙarshe a zauna a yi maganar sauran damuwar ƙuruciya. Abin yakan ɗauki wata shida zuwa shekara.

Dalilin da ya sa abinci ke gaba da nasiha ya fito ne daga wani tsohon gwaji. Tsakanin 1944 da 1945 Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu a jami'ar Minnesota, da yardarsu, ya rage musu abinci kusan rabi na wata shida, har kowa ya zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Mutanen da a da ba su da wata matsala suka koma masu saurin fushi da gudun jama'a, ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki, wasu suna juya 'yar lomarsu na tsawon sa'o'i. Ashe da yawa daga abin da iyaye ke ɗauka taurin kai ne, yunwar ce da kanta ke aikinta a ƙwaƙwalwa. Mu da muka ga yadda yaro mai tamowa ke kau da kai daga nono yana kuka, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Darasin Maudsley ma an sake gano shi a nan kusa da mu, ta wata ƙofar. A da, yaro mai tamowa mai tsanani sai gadon asibiti. Da aka samu haɗin gyaɗa da madara na cikin leda, wanda André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a Faransa a 1996, mata kuma suke ce masa biskit, sai ga MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 a Nijar a 2005, mafi yawansu a gida a hannun uwayensu. Tsakanin 2013 da 2014 kuma ƙungiyar ALIMA da takwararta ta gida BEFEN suka ba mata sama da dubu 12 igiyar awo a yankin Dogo na Mirya, suka koya musu. Matan, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, suka riƙa kawo yara da wuri, har waɗanda sai an kwantar suka ragu idan aka kwatanta da yankin da ma'aikata kaɗai ke awo. A Landan da Dogo duka, aiki ya gyaru ne ranar da likita ya yarda ya miƙa wa uwa wani ɓangare na aikinsa.

To, kafin jinya sai an gane ciwo, kuma a nan ne wani zai ce ai wannan cutar Turawa ce, mu nan wa ke gudun ƙiba? Littattafan likitanci ma sun daɗe suna cewa ba a kiran abu anoreksiya sai mai shi yana tsoron ƙiba. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Hong Kong, Sing Lee, ya nuna gajiyawar wannan ma'auni. A 1993 ya ba da rahoton marasa lafiya 70, fiye da rabinsu ba ƙiba ce hujjarsu ba. Cewa suke cikinsu na kumbura, ko kawai ba sa jin yunwa. A Gana kuma wani bincike da aka buga a 2004 ya auna 'yan mata 668 na sakandare a karkara, ya samu goma da ke hana kansu abinci har ya yi musu illa. Babu wadda ta ce siranta take so. Kamun kai da ibada suka ambata, kuma suna ganin abin yabo suke yi. A kowace ƙasa ciwon yakan ari dalilin da mutanen wurin za su karɓa.

Dalilan da za mu karɓa a ƙasar Magarya sanannu ne. “Inna, na sha fura a gidan Gwaggo.” “Cikina ke murɗawa.” “Azumin Litinin nake.” Tarbiyyarmu kuma tana yaba wa duk wannan. Yarinyar da ba ta rawar jiki a kan abinci ita ce mai kunya, marar kwaɗayi, wadda ta fara hankali. Wadda ta bar wa ƙannenta rabonta a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, an sa mata albarka, kuma ta cancanta. Sai dai ba mai lura idan kaka ta yi, sabon hatsi ya shigo, ita ba ta koma ci ba. Ga kuma kwanon taro. Yara biyar sun kewaye tuwo bayan magariba, hasken tocila ɗaya, hannu na shiga yana fita. Nata hannun ma yana shiga. Ta gutsuri ɗan mitsitsi, ta yi ta mulmula shi, ta dangwali miya, ta tura sauran gefen ƙanenta, wanda ba zai yi gardama ba. An tashi kwano fes, uwa ta ga an cinye, hankalinta ya kwanta. Da rana kuwa tana wurin talla ko makaranta ko rijiya, kowa na zaton ta ci a wani wurin. Ana iya yin wata shida a haka.

Binciken da aka yi a Birtaniya kan yara 'yan ƙasa da shekara 13, wanda ya fito a 2011, ya samu sababbin kamu kusan uku cikin yara dubu ɗari a shekara, kusan ɗaya cikin biyar maza. Ciwon ba ruwan dare ba ne ke nan, kuma ba duk yarinyar da ta yi wa tuwo yanga ce ke da shi ba. Amma a waɗannan shekarun jiki ba ya jira. Ɗan tara zuwa sha biyu ƙaruwa ya kamata ya riƙa yi, saboda haka tsayawa wuri ɗaya ma rama ce. Idan kayan Sallar bara sun shige ta bana cif, ko sun yi mata yawa, alhali an sake wa sa'anninta ɗinki, an riga an yi awo ba tare da sikeli ba. Sauran alamun suna biyo baya: jin sanyi ana tsakiyar zafi, jiri idan ta miƙe, bushewar ciki, son yi wa mutane girki ita ba ta ci, zagayawa bayan gida da zarar an tashi daga kwano, janyewa daga ƙawaye da dandali.

Akwai wani nau'in da yakan fara tun yara suna ƙanana, maza ma suna cikinsa sosai, wanda sai a 2013 likitocin Amurka suka ba shi gurbi na kansa a kundinsu. Shi babu ruwansa da siffar jiki. Yaro ne ƙashi ya taɓa maƙale masa a wuya, ko ya ƙware da kunu, daga ranar ya tsorata da haɗiya. Wani kuma yauƙin kuɓewa ko warin daddawa ne ba ya iya jurewa, abincinsa ya taƙaita ga abu biyu ko uku har girmansa ya tsaya. A ce masa mai tsirfa, a yi ta dukansa, alhali tsoro ne na gaske, kuma maganinsa a saba masa da abin a hankali, ɗan kaɗan yau, ɗan ƙari gobe.

A wurinmu yaron da ke ramewa dole a fara duba masa abubuwan da suka fi yawa: tsutsar ciki, zazzaɓi mai komowa, tarin fuka, sikila, ciwon suga, sida. Tuntuɓen yana zuwa ne bayan an duba an ce ba a ga komai ba, sai a koma gida da maganin ƙarin jini a ɗauka magana ta ƙare. A nan ne ya kamata a roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta nauyinta da tsawonta, a dawo bayan mako biyu a sake hawa sikeli, a kuma gaya masa dalla-dalla yadda take yi a gaban kwano.

Idan ta tabbata wannan ciwon ne, kwanonta daban. Ma'aikatan tamowa sun daɗe suna faɗa wa mata haka a kan yaran da aka yaye, dalilin kuma ɗaya ne, a ga abin da ya shiga ciki. Sai batun baki ɗaya, wanda a Landan mutum biyu ya shafa, a nan kuwa yana iya shafar bakwai. Akwai uwa, akwai abokiyar zamanta mai karɓar girki kwana biyu, akwai kaka da za ta ce a ƙyale mata jika, akwai uba da ya tafi ci-rani Kano ko Legas sai dai waya. Ciwon a tsakanin waɗannan bakunan yake samun mafaka: in an tsare a ɗakin nan, a samu sassauci a wancan. Sai an zauna an yi shawara ɗaya, har da mai gida ta waya, an san wa ke zama da ita a kowane ci. Yawanmu a nan riba ne. Iyayen Turai su biyu ne kawai, ga aiki, har wani kan ajiye aikinsa na watanni. Gidan da ke da manya biyar yana iya yin karɓa-karɓa.

Wani abin da ba ya cikin littafin Landan shi ne kunyar ɗan fari. Uwar da ko sunan 'yarta ba ta faɗa, da wuya ta zauna gabanta tana lallashi a idon surukai. Ba sai an yaƙi al'adar ba. Abin da ake bukata babba ne mai haƙuri wanda yarinyar ke jin nauyinsa kuma take sakin jiki da shi, ko kaka, ko gwaggo, ko wadda ta riƙe ta. 'Yan'uwanta yara kuwa kada a sa su gadi. Nasu wasa ne da hira da rakiya, da kuma barin tsokana.

Sai a bambanta tsayawa da tilastawa. Mun san ɗura: a danne yaro a cinya, a toshe hanci, a kwarara kunu ta tafin hannu. Ko ga jariri hatsari ce, don kunun na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Ga 'yar shekara goma kuwa, ɗura da bulala da gori ba abin da suke ƙarawa sai tsoron kwano. Abin da ake nema ya fi su wuya. A zauna kusa da ita a ce, “'Yar nan, na san da wuya. Furar nan maganinki ce, ina nan har ki shanye.” Ta yi kuka, a bari ta yi, a sake faɗa. Ba ciniki, ba “to sha rabi”, ba tashi cikin fushi. Zaman farko na iya cin awa biyu. Abincin kuwa ba sai an sayo a kanti ba. Fura da nono mai kauri, kunun gyaɗa, wake da mai, ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, riɗi, duk ƙasar nan na bayarwa.

Likitocin Maudsley suna koya wa iyaye su raba yarinya da ciwon a bakinsu, su ce ciwon ne ya ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma. Mu mun saba cewa “ba yin kanta ba ne” idan muna zargin iska ko sammu ko baki, kuma wannan tausayin yana da amfani, don yana sauke fushi daga kanta. Inda yake cutarwa shi ne idan aka yi wata uku ana yawon neman wanda ya yi mata, ana zargin kishiya ko maƙwabciya, ita kuwa tana ƙara zubewa. Addu'a da tofi da rubutu ba sa hana cin tuwo, kuma malamin da ya san aikinsa babban mataimaki ne, musamman idan azumi ne hujjar. Azumi bai wajaba a kan wanda bai balaga ba, an ɗauke wa mara lafiya, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbansa haɗa kwanaki suna azumi ba buɗa-baki. Abin da yarinya ba ta ji daga bakin uwarta ba tana iya ji daga bakin malamin Islamiyyarsu.

Barin neman mai laifi kuma ba toshe kunne ba ne. A ƙasar da kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ke aure kafin shekara 18, yarinyar da ta ji ana ƙus-ƙus ɗin an ba da ita na iya rufe bakinta ga abinci don ba ta da wata hanyar cewa a'a. Wata rasuwa ce ta girgiza ta, wata wani ya taɓa ta a wurin talla ta kasa faɗa. Masana sun nuna akwai gado a ciki, akwai kuma hali, don sau da yawa masu kamuwa su ne yara masu biyayya da yawan damuwa, masu son komai ya yi daidai. Ana ciyarwa ana saurare, kuma in abin da aka ji na cutarwa ne, a kawar da shi tun yanzu, ba sai ta warke ba.

Saura masu cewa son ƙiba da muke yi katanga ce. Mutanen Fiji, tsibiran da ke tekun Pasifik, su ma haka suke: cikar jiki ita ce kyau, rama abin a tambayi lafiya ne, har magungunan gargajiya na buɗe ciki gare su. A 1995 aka kawo talabijin lardin Nadroga. Anne Becker ta jami'ar Harvard ta yi wa 'yan matan sakandare tambayoyi a makonnin farko, ba a samu ko ɗaya da ke jawo amai don rage jiki ba. A 1998 kashi 11 cikin ɗari suna yi, kusan uku cikin huɗu kuma suna ganin sun cika ƙiba. Waɗanda aka tambaya ba su da yawa, sittin da 'yan kai kowane zuwa, amma shekara uku kacal ne tsakani. Mu namu talabijin a aljihu yake. Ranar kasuwa mai cajin waya yana tura fina-finan Indiya masu fassara da bidiyon TikTok, kuma wayar yaya ko ta Inna tana kwana a hannun 'yar shekara goma.

Abin da wayar ke nunawa ciki ne a shafe, ƙugu da ƙirji a cike, siffar da jikin yarinya mai tasowa ba zai iya bayarwa ba ta kowace hanya. Shi ya sa tamu matsalar take jan ta gaba da baya. Mai tallar magani yana sayar da ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, galibi deksametazon ko siproheptadin. Na farkon yana kumbura fuska, ya hau da suga da jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki, ya tsayar da tsawon yaro, kuma wanda ya daɗe yana sha in ya yanke farat ɗaya yana iya faɗuwa. Uwar da ta saya wa 'yarta don a daina ce mata tsinke, da wadda ke ce wa tata lukuta ta rage ci kada ta rasa miji, duk sun gaya wa yarinya cewa ana kallon jikinta kuma bai yi ba.

Akwai inda ƙoƙarin gida ke tsayawa. Yarinyar da ta suma, ko ta daina shan ruwa, ko fitsari ya ɗauke, ko ƙafafu suka kumbura, ko ta kasa tashi daga tsugunne sai ta dafa, ko ta fara maganar mutuwa, ta asibiti ce a ranar, daga likitar ƙauye zuwa Magarya ko Dungas, in ta kama har Damagaram. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafiya kisa, kuma yara sun fi manya saurin bushewa. Wadda ta daɗe ba ta ci ba kuma, ba a cika mata ciki rana ɗaya, domin gishirin jini, musamman fosfet, yana iya faɗuwa har zuciya ta tsaya. Ma'aikatan sashen tamowa sun san wannan sarai, shi ya sa suke fara wa yaro da madarar F-75 mai sauƙi kafin a kai ga mai ƙarfi. Ilimin da sikelin da ma'aunin tsawo duk suna hannunsu, kuma suna iya aiki a kan 'yar shekara sha ɗaya ko da ta wuce shekarun shirin tamowa.

Ko bayan ta murmure ba a sakin jiki da wuri, don ciwon yakan nemi komowa lokacin jarrabawa ko tafiya ko wani tashin hankali a gida. Azumin da ya fara zuwa bayan jinya a yi shawararsa da likita da malam tun watan Sha'aban. A ci gaba da hawa sikeli wata-wata. Komawa kwanon taro shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba a yin sa sai ta yi watanni tana cinye nata ba tare da an zauna a kanta ba.